Matakalar Gefen Jif: Yadda Ake Zaɓe, Awo Da Ɗaurawa

Duk lokacin da damina ta kama, ko aka shiga watannin bukukuwa, tambayoyin nan sai sun dawo: wace matakala ce ta dace da jif ɗina, me zan kashe, kuma zan iya ɗaura ta a gida ko dole sai wurin mai walda? Masu tambayar ba buƙata ɗaya gare su ba. Mai Highlander a cikin Birnin Kebbi yana so ne mahaifiyarsa ta daina shan wahalar hawa. Mai Hilux da ke shiga fadamun Argungu da Suru duba shinkafa kuwa, damuwarsa laka ce da tsakuwar da taya ke watsa wa ƙofa. Ga yadda aikin yake a jere.

Kafin a fara, a riƙe wannan: allon da ake takawa shi ido ke gani, shi ake ciniki a kansa, amma ba shi ke ɗaukar nauyi ba. Biraket, wato ƙarafan da ke riƙe shi ta ƙasa, da inda aka ɗaure su, su ne aikin. Mafi yawan matakalar da ke lilo ko ƙara a kan hanya, allonta lafiya lau yake.

1. Wa zai taka, wace hanya za a bi

Matakala tana yin abubuwa uku. Tana raba tsayin hawa gida biyu, tana tare tsakuwa da caɓi daga jikin ƙofa, tana kuma ba mutum wurin tsayawa idan zai ɗaure kaya a saman mota ko ya wanke rufinta. Ba kowace iri ce ke yin ukun da kyau ba.

Akwai mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, da ke bin tsawon ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya. Yawanci alminiyam ce da roba a samanta. Ita ce ta iyali. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan biki ya ga Hajiya ta tattare zani da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya kama marikin ƙofa, tana neman inda za ta sa ƙafa, ya san dalilin da ya sa faɗi ya fi kyan gani muhimmanci. Tafin takalmi na buƙatar wuri shimfiɗaɗɗe, musamman silifas mai santsi.

Akwai mai kamar bututu, zagayayye ko mai siffar ƙwai, da ɗan wurin takawa na roba daidai kowace ƙofa. Ta fi arha, laka ba ta taruwa a kanta sosai, kuma ta dace da Hilux. Matsalarta ita ce wurin takawar ƙarami ne, in ƙafa ta sauka a kan ƙarfen da ya jiƙe, zamewa ce.

Akwai ta ƙarfe mai kauri da ake haɗawa da shasi don kare gefen mota daga dutse da kututture. Mai bin hanyoyin duwatsu na wajen Zuru ita ce tasa. Tana da nauyi, kuma ba a yi ta don jin daɗin hawa ba.

Ta huɗu ita ce mai lantarki, wadda ke fitowa in an buɗe ƙofa ta koma in an rufe. Za mu zo kanta.

Gargaɗi: kowace matakala tana rage tazarar da ke tsakanin gefen mota da ƙasa. In hanyarka ta ƙunshi kwazazzabai da sawun taraktan da ya bushe, guji wadda ke saukowa ƙasa sosai, domin a nan sai ta koma garma, ta riƙa huɗa kafin ta lanƙwashe.

2. Leƙa ƙarƙashin motar

Wannan matakin ne mutane suke tsallakewa, kuma shi ke raba aikin sa'a biyu da na kwana biyu. A kai motar wanki tukuna, a ce wa yaron ya sa ruwa mai ƙarfi ta ƙarƙashin ƙofofi. Sannan a shimfiɗa kwali, a kwanta da tocila.

Jif iri biyu ne. Prado, Land Cruiser, Hilux, 4Runner, Fortuner da Lexus GX suna da shasi daban, dogayen ƙarafa biyu masu kauri, bodi kuma yana zaune a kansu bisa robobi. Highlander, RAV4, Honda CR-V da Pilot ba su da wannan. Bodinsu shi ne shasinsu, a ƙasan ƙofa za ka ga wani siririn leɓen ƙarfe da ya bi tsawon motar, inda aka haɗe faranti biyu.

Abin da kake nema shi ne wuraren ɗauri na kamfani. A motoci da yawa suna nan ko da motar ba ta zo da matakala ba. Wani lokaci ramuka ne masu zare a ciki, an toshe su da 'yar roba baƙa mai girman kwabo ko an liƙe da sitika. Wani lokaci kuma guntayen bolti ne suka leƙo. Sa yatsa ka bi ƙasan ƙofar daga gaba zuwa baya, za ka ji su biyu-biyu a wuri biyu ko uku. Ɗauki hotonsu da waya, ka ƙirga.

Gargaɗi: ba kowane rami ne na ɗauri ba. Wasu na zubar da ruwa ne. In aka toshe su da bolti, ruwan sama zai kwanta a cikin bodi, tsatsa ta ci daga ciki ba a sani ba. Ramin ɗauri yana da zare ko noti a bayansa, na ruwa santsi ne.

Duba kuma ko ƙarfen wurin yana da lafiya. Motocin da aka shigo da su daga wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kamar arewacin Amurka da Kanada, sukan zo da tsatsa a daidai nan. Danna da sukudireba. In ya burma, fanel bita ne zai fara aiki kafin a yi maganar matakala.

3. Awo

Awo uku kawai. Tsawon da ke tsakanin bayan tayar gaba da gaban tayar baya. Tsayi daga ƙasa zuwa dokin ƙofar motar. Sai tazarar da ke tsakanin ramukan ɗauri.

Kada a dogara da suna kaɗai. "Ta Prado" ba bayani ba ne: Prado ta 2002 zuwa 2009 daban take da wadda ta fara daga 2009. Hilux ɗin da aka yi kafin 2015 ba ta cin kayan wadda ta biyo bayanta, kuma mai ƙofa huɗu da mai ƙofa biyu tsawonsu ba ɗaya ba. Highlander ma haka: 2001 zuwa 2007, 2008 zuwa 2013, 2014 zuwa 2019, kowace da nata biraket. Shekarar da ke takardar kwastan ko bakin dillali ba koyaushe take daidai ba, musamman ga motar da aka canza wa fuska don ta yi kama da sabuwa. Duba sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, can aka rubuta wata da shekarar ƙira.

4. Saye da lissafin kuɗi

Wanda ke Kebbi yana da hanyoyi uku: ya sa mai sayar da kayan mota na gari ya yi masa oda, ya aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko ya sa a ɗoro masa daga Ladipo a Legas. Farashin sabuwa yana bin dala, don haka kuɗin da abokinka ya biya bara ba ma'auni ba ne. Tambayi mutum uku a rana ɗaya.

Tsarin tsadar dai ba ya canzawa. Mai bututu ita ce ƙasa, mai faɗi ta alminiyam tana bi mata, mai lantarki kuma takan ninka su sau da yawa. Wadda aka ciro daga motar da ta yi haɗari, ta asali ta kamfani, sau da yawa ta fi sabuwar da ba a san maƙerarta ba. Ni dai ita nake fifitawa, in dai ba ta lanƙwashe ba.

Kuɗin da ake mantawa su ne ke ɓata lissafi. Kuɗin mota: matakala doguwa ce, ta kusa mita biyu, direbobin tasha kuma da tsawo suke caji. Kuɗin aiki. Kuɗin bolti da washa masu kyau in waɗanda suka zo a kwalin na banza ne. Kuɗin fenti in an yi huji ko walda.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce wa mai kayan: "Oga, baza min komai a ƙasa ka ɗauko hoto, allo biyu da dukkan biraket da ledar noti." Ƙirga biraket ɗin ka gwada da ramukan da ka ƙirga a mataki na 2. 'Yan gwanjo sun saba sayar da allo ba biraket, sai kaya sun iso a ce ai mai walda zai haɗa maka. Wannan haɗin ne tushen yawancin lilon da ake gani.

Tambayi nauyin da take ɗauka. Masu kyau sukan rubuta, kuma da yawa suna farawa daga wajen kilo 135. Wadda ba a rubuta komai ba, dubi kaurin biraket. In za ka iya lanƙwasa shi da hannu biyu, bar ta.

Gargaɗi: ƙyalli ba inganci ba ne. Akwai ƙarfen da ba ya tsatsa, akwai baƙin ƙarfen da aka shafa wa ruwan silba. Na biyun, damina ɗaya ta isa ya fara ɓawo daga wurin da aka yi walda.

5. Kayan aiki

Soket da sifana masu lamba 10, 12, 13, 14 da 17. Sukudireba mai faɗin baki. Tef na awo. Buroshin ƙarfe. Man feshi na sassauta tsatsa irin WD-40. Giris. Gam ɗin zaren bolti, shuɗi, ba ja ba, don jan sai da wuta yake kwancewa. In da hali, sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Sai mutum na biyu da zai riƙe maka ƙarshen allon.

A ajiye motar a kan siminti ko ƙasa mai tauri, daidai, a ja birkin hannu. Yawancin jif suna da tsayin da ba sai an ɗaga ba. In sai an ɗaga, kada kowa ya shiga ƙarƙashi mota tana kan jak kaɗai. A sa mata tsayayyen madogari na ƙarfe. Bulon siminti yana fashewa ba sallama.

6. Share ramuka, rataya biraket

Cire robobin toshiya da sukudireba. Fesa mai a ramin, bar shi ya jiƙa, sannan ka sa boltin da yatsu kaɗai. Ya kamata ya shiga zagaye uku ko huɗu ba gardama.

Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi tsada. Boltin Toyota mai kaurin milimita 10 yawanci zarensa siriri ne, tazarar milimita 1.25 tsakanin zare da zare, kansa kuma sifana 14 ke kamawa. Boltin kasuwa mai irin wannan kaurin galibi tazararsa 1.5 ce, kansa 17. A ido kusan ɗaya suke. Na kasuwar zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, yaron shago ya ɗauko dogon ƙarfe ya matsa, zaren ramin ya tafi. Notin da ke bayan ramin kuma a cikin bodi yake, a walde, hannu ba ya kaiwa. In bolti ya cije da wuri, a fito da shi a duba, kada a tilasta. Mai milimita 8 bai cika ba da wannan matsalar ba, bambancinsa a kai ne kawai, 12 ko 13.

Jera biraket ɗin a ƙasa kafin ka ɗaga ko ɗaya. Na gaba da na baya sukan bambanta, haka na hagu da na dama. In an rubuta L da R, ana nufin hagu da damar wanda ke zaune a ciki yana kallon gaba. In kuwa an rubuta gefen direba da gefen fasinja, a kula: kayan Hilux da yawa an yi su ne don ƙasashen da sitiyari ke dama, kamar Tailan da Ostiraliya, don haka gefen direbansu shi ne gefen fasinjanmu.

Rataya kowane biraket da washa shimfiɗaɗɗiya da mai tsaga, ka bar su sako-sako, suna ɗan motsi. Kada a ɗaure ko ɗaya tukuna.

Ga motoci irin Highlander, wasu biraket suna kama leɓen ƙarfen nan ne. A tabbatar ba su zauna a kan wurin da aka tsaga don jak ba, in ba haka ba ranar da taya ta yi faci a hanyar Koko za a rasa inda za a kafa shi.

7. Ɗora allon ka daidaita

Zura boltin da ke gudu a cikin kwararon ƙasan allon, ka ɗora shi bisa biraket, ɗaya yana riƙe gaba ɗaya baya. Ja shi gaba ko baya har wurin takawar ya zo daidai inda ƙafa ke sauka in an buɗe ƙofa, ba tsakiyar ƙofar ba. A ƙofar baya wannan ya fi muhimmanci, don buɗinta ƙarami ne.

Buɗe ƙofofin duka ka rufe. Murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka ga tayar gaba ba ta taɓa bakin allon ba, kuma bai danne robar tare laka ba. Ja da baya taku goma ka tsuguna ka hango shi: ya bi layin motar, ko gaba ya fi baya sauka? Auna tazararsa da bodi a gaba da baya, ka rubuta, don ɗaya gefen ya yi daidai da shi.

8. Ɗaurewa

A fara da boltin da ke haɗa biraket da mota, sannan na allo. Ɗigo ɗaya na gam a kowane zare. Boltin milimita 8 mai lamba 8.8 a kansa yana son wajen 25 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar awo), na milimita 10 wajen 50. In takardar da ta zo da kayan ta faɗi wani adadi, ita za a bi. In babu sifanar awo, a yi amfani da gajeren sifana da ƙarfin hannu ɗaya, ba a taka da ƙafa ba, ba a ƙara bututu ba. Boltin da ke cikin kwararon alminiyam kuwa, da zarar ya kama a tsaya, in an wuce yakan yage kwararon.

Shafa giris a duk zaren da ya leƙo, da inda alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe. Waɗannan biyun in suka haɗu da danshi suna cin juna, sai ka ga wani farin gari a wurin.

9. In dole sai walda ko huji

Wasu tsofaffin motocin ba su da ramuka, wasu masu motar kuma ta ƙarfe mai kauri suke so. Masu waldarmu suna iyawa, amma ka tsaya a wurin.

A cire kan batir, baƙin tukuna, kafin a kunna injin walda, kuma a maƙala wayar ƙasa ta injin kusa da inda ake aikin. Wutar walda tana iya ƙona kwamfutar mota, kuɗinta kuma ya fi na matakalar. Za a iya ce maka, "Alhaji, kullum haka muke yi, ba abin da ke faruwa." Ka ce masa, "Malam, na yarda, amma cire min dai." Ba ya cin minti biyu.

Bututun mai da na birki da wayoyi suna bin jikin shasi ta ciki, tanki kuma yana kusa. A gano su da ido da hannu kafin a huda ko a ɗiga wuta. Wasu Prado da GX 460 masu tsarin KDSS, wato na'urar rage tangaɗin mota, suna da ƙarin bututun mai a shasin hagu, waɗanda ba a wasa da su.

Babban kuskure a nan shi ne haɗa shasi da bodi da ƙarfe ɗaya. An ɗora bodi a kan robobi ne don ya riƙa motsi daban. In matakalar a shasi take, a bar tazarar yatsa tsakaninta da bodi ko'ina. In aka haɗe su, ƙara za ta shigo cikin mota, daga baya wani wuri ya tsage. Su kuma irin Highlander da CR-V, farantin ƙasan ƙofarsu siriri ne, walda tana huda shi ta kuma ƙone fentin ciki. Bolti da faranti mai faɗi a baya ya fi.

Duk inda aka huda ko aka walde, a goge, a sa jan fenti na hana tsatsa, a bi da baƙi, a ranar.

10. Mai lantarki

Biraket ɗinta kamar na sauran ake ɗaurawa, sai ƙarin waya daga batir da sigina daga ƙofa. Mai wayarin ɗin mota ne zai yi, kuma a tabbatar ya sa fiyus kusa da batir, ya ɗaure wayar nesa da salansa. A cikin gari tana da daɗi, kuma in ta naɗe ba ta rage tsayin mota sosai. Amma injinta da gaɓoɓinta a ƙasa suke, inda ƙurar hunturu da lakar Agusta suke taruwa. Wanda ke ratsa ruwa a hanyar gona, ba zan ba shi shawarar ya saya ba.

11. Gwaji da kula

Mafi nauyi a gidan shi zai fara takawa: gaba, tsakiya, baya, ya ɗan yi tsalle kaɗan. Ɗan lotsawa ba laifi, amma in an ji ƙas ko an ga biraket ya motsa, a koma mataki na 8. Sannan a zagaya hanya mai gargada da gilashi a sauke a saurara.

Bayan mako guda, ko bayan doguwar tafiya ta farko, a sake bin kowane bolti da sifana. Sabon ɗauri yakan zauna ya saki.

A gaya wa direba da mai faci cewa ba a sa jak a ƙarƙashin matakala. Sau da yawa mai faci yana ganin ƙarfe a kusa sai ya tura jak, kafin ka yi magana allon ya riga ya gantsare. Ba a kuma ɗaura mata igiyar jan mota. Haka ɗabi'ar nan ta samari su maƙale a kanta mota na tafiya, ranar ɗaurin aure ko taron siyasa: an yi ta ne don mutum ɗaya ya taka mota tana tsaye, mutum huɗu a kanta cikin rami kuwa, ko biraket ya karye ko ƙafa ta zame zuwa tayar baya.

A damina, duk wanki a sa ruwa ta saman biraket da bayan allon, inda laka ke kwanciya ta riƙe danshi. Robar takawa in ta goge ta yi sumul, a canza ta ko a manna tef mai kaushi, domin takalmin da ya taka caɓi ba ya kama roba mai santsi. Kafin ruwan farko na kowace shekara a kwanta a duba tsatsa a gindin biraket, a goge a taɓa da fenti, a sake gwada notocin.